Mabiyiyar Wata a Ƙafar Inna

Inna, mahaifiyata, ungozoma ce. In na ce rabin samarin unguwarmu a Bagudo a hannunta suka faɗo, ban yi ƙarya ba, kuma har daga ƙauyukan Kaoje ake zuwa a ɗauke ta a kabu-kabu. Tun ina yarinya na gane cewa a duk aikin nan babu abin da ta ɗauka da nauyi kamar mabiyiya, wato naman nan da ke biyo bayan jariri. Ba ta yarda kowa ya taɓa mata ita. Da kanta take wanke ta, ta naɗe a tsumma mai tsabta, ta haƙa rami a bayan ɗakin mai jego inda ruwan wanka zai riƙa bi, ta kwantar da ita gefen cibiya na kallon sama. A faɗar Inna, in aka kife ta, ko aka yar da ita ba a binne ba, to matar ta gama haihuwa. Na yi karatu, na daɗe ina koyarwa a firamare, na sha gaya mata wannan camfi ne. Sai ta ce in je in faɗa wa 'yan ajina.

Ciwon suga ya daɗe a jikinta, amma ko a jikinta, wai an tsakuri kakkausa. Magani sai ta ga dama, fura kuwa da sukari ko da wa za a yi faɗa. A daminar da nake da cikin autana, aka zo kiranta wata ruga a bayan Kaoje. Ruwa ya cinye hanya, babur ya kasa wucewa, ita kuma ta tuɓe takalmi ta ratsa fadamar shinkafa da ƙafa. Wani abu ya soke ta a tafin ƙafar hagu, kusa da ƙaramin yatsa. Ba ta ji ba, don sugan ya riga ya kashe mata ji a ƙafafun. Ni ce na fara ganin tabo a kan tabarmar sallarta, na ɗaga ƙafar, na ga rami.

Muna da maƙwabciya 'yar Kudu mai kemis, kowa Madam yake ce mata. A Bagudo ta yi aure, 'ya'yanta duka Inna ce ta karɓe su, Hausa kuwa ta fi wasu 'yan gari. Ita ta riƙa zuwa kullum da safe tana wanke gyambon tana naɗewa. Wata safiya ta kwance bandeji, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mama, wannan ya fi ƙarfina. Wallahi in na ci gaba da wankewa na cuce ki." Daga asibitin gari aka tura mu Birnin Kebbi, daga can aka ce sai Sakkwato. A kowace tasha kalmar da nake ji ɗaya ce, ana faɗinta ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji: yanka. In gyambon bai rufe ba, za a cire ƙafar.

Likitar da ta karɓe mu a Sakkwato mace ce, ba ta da yawan murmushi, amma ba ta ɓoye magana. Ta kankare mataccen naman, ta duba ko jini na isa ƙafar, ta yi wa Inna faɗa a kan sukari har sai da na ji daɗi a raina. Daga nan ta ce gyambon ya tsaya cak, ba ya gaba ba ya baya, kuma akwai abin da take so a gwada. Ta ce jakar ruwan da jariri ke kwance a ciki tana da wani tantani siriri, manne da mabiyiya, kuma a cikinsa akwai abubuwan da ke zaburar da jiki ya tsirar da sabon nama. Ana karɓarsa daga matan da aka yi wa tiyatar haihuwa, da yardarsu, a gyara shi a adana, sannan a shimfiɗa a kan gyambo irin wannan.

Inna ta gyara zama.

"Mabiyiya kinka ce, ɗiyata?"

"Tantaninta, Mama."

"Ta wa ta?"

Likita ta ce ba a faɗin sunan mai bayarwa, ita kanta ba ta sani ba.

"To, sauran hwa? An binne mata?"

Likita ta ce asibiti na da yadda yake kawar da sauran. Inna ta jawo zaninta ta rufe ƙafar, ta ce, "Ashe dai an cuci ɗiyar mutane."

Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Tun da aka ambaci jikin wata, na tuna ɗan ƙanen babanmu. Yaro ne jarumi, yana fataucin shinkafa tsakanin Lolo da ƙetaren iyaka. Ya yi hatsari a can cikin ƙasar Binin, aka ƙara masa jini a wani wuri da har yau ba mu san ko ina ne ba, ya warke sarai ya dawo gida. Bayan wasu shekaru idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, ya rasu muna kallo. Babu wanda ya tabbatar mana jinin ne, amma a gidanmu haka kowa ya ɗauka. Na tambayi likita kai tsaye, in matar nan tana da ƙanjamau ko ciwon hanta fa?

Ta ce tambayar da ya kamata in yi ke nan, kuma duk wanda ya ce zai sa wa Inna irin wannan abu ba tare da ya iya amsa ta ba, in ɗauke uwata in gudu. Ta ce ana tambayar mai bayarwa tarihin lafiyarta, a gwada jininta, a ajiye tantanin, a sake gwada ta daga baya don cutar da ba ta nuna da wuri ba. A ɗakin tiyata ake karɓa, ba ya bin hanyar haihuwa balle ya kwashi ƙwayoyin cuta, sannan a wanke shi da magunguna. Na ce, "Ke nan babu hatsari ko kaɗan?" Ta ce, "Ba zan ce miki babu ba. Kaɗan ne ƙwarai, amma abin da ya fito daga jikin mutum ba a rantse masa." Wallahi a lokacin da ta yi mini ƙarya da na fi jin daɗi.

A mota muna dawowa, mun wuce Jega, Inna ta dafa cikina. Lokacin yana wata shida.

"Ke, mi muka nema ga ta baƙuwa? Ga tamu nan tahe."

Ban gane ba da farko. Ta ce in na haihu, ita za ta karɓi haihuwar kamar yadda ta karɓi na sauran 'ya'yana, ta ɗan yanki tantanin ta ɗora a gyambon, sauran ta binne yadda ya dace. Ba a cuci kowa ba. Ta ce ita ta haife ni, ta san abin da na ci na girma, ta san mijina, ta san ban taɓa kwanciya asibiti ba. "Ido ba mudu ba, ya san kima," in ji ta. "Dubi jikinki, ko ƙuda ya hau sai ya zame."

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Jinina ne, jininta ne, to ina tsoron ya fito? Maigidana ne kaɗai ya ƙi. Mutum ne mai injin casar shinkafa, ba mai yawan magana ba, kuma bai taɓa musa wa Inna ba tun da ya aure ni. Ranar ya ce da ni a ɗaki, "Likita ta ce ƙafar ba za ta jira wata uku ba. Ke da kunnenki kika ji." Na taso masa, na ce don ba uwarsa ba ce shi ya sa yake so a liƙa mata naman wadda ba a san asalinta ba. Ya dube ni, ya ɗauki hularsa ya fita. Madam ma da ta ji, sai da ta riƙe kai ta kira sunan Yesu, ta ce ɗanyen nama a kan buɗaɗɗen ciwo ai kiran ruɓa ne. Inna ta ce mata ai lokacin da take karɓar mata haihuwa ba ta ce hannunta na da ruɓa ba.

Muka zauna jira. Ban taɓa sanin jira na da ciwo haka ba. Kullum da safe in tsaya a kan Madam tana kwance bandeji, ina toshe hanci a ɓoye, ina cewa, "Ai kamar ya ɗan tsuke ko?" Ita kuma sai ta ci gaba da wankinta. A aji ina rubutu a allo, hankalina na kan ƙafar. In ɗan cikina ya motsa sai in ce masa a raina, kai, yi sauri mana. Sai kuma kunya ta kama ni, uwa tana gaggauta ɗanta ya fito don a samu magani.

Labari kuwa ya bazu a dangi. Ƙanen Inna ya je kasuwar Dole Kaina ya dawo da wani ɗan gwangwani mai rubutun Faransanci, wai mai sayarwa ya rantse masa man mabiyiyar mutum ne tsantsa, daga ƙasar waje, ba sai an je Sakkwato ba. Kawu ya zo yana washe baki kamar ya kawo ruwan zamzam. Madam ta juya gwangwanin, babu ranar lalacewa, babu inda aka yi shi, ta ce in aka shafa wannan ita ta cire hannunta. Ni ma na ƙi, na ce Kawu, ta asibiti da aka gwada muka ƙi, sai ta kasuwa da ba mu san ko ta jaka ba ce? Ya yi fushi ya ce 'yan boko sun raina mutane, ya tafi da kayansa.

Wata safiya ƙaramin yatsan ya yi baƙi. Ba baƙin datti ba, baƙin gawayi. Inna ta kwana da zazzaɓi, ta ƙi faɗa. Madam ba ta ma naɗe ba, ta fita ta kira maigidana daga wurin inji, kafin hantsi muna kan hanyar Sakkwato. Duk tsawon tafiyar ƙafar na bisa cinyata, ina jin zafinta ta cikin zani, bakina ya bushe da salati.

Likita ta duba, ta ɗago ta kalle ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce yatsan ya tafi, sai an cire. Sauran ƙafar ana iya ƙoƙari in ruɓar ta tsaya da allurai, amma in muka sake komawa gida jira, abin da za a cire gaba daga ƙasan gwiwa ne. Ni kuwa har lokacin ban sauka ba. Na kwashe shirinmu na gaya mata, na ce tunda gwaji suke so, ga ni, su gwada ni, su yi mini tiyatar in lokaci ya yi, su ɗauki nawa su sa wa uwata.

Ta ce ƙafar ba za ta kai lokacin ba, kuma ba a yanka mace mai lafiya don a samu tantani. Sai ta tambaye ni, a wurin awo an taɓa gwada ni ciwon hanta? Na ce ana auna ni, ana duba hawan jini, an yi na ƙanjamau an ce lafiya lau. Na hanta kam ban sani ba. Ta ce to wannan ya kamata a yi ko babu zancen ƙafa. Na miƙa hannu da gadara, a raina ina cewa bari su gani.

Washegari da rana ta kira ni ofishinta ni kaɗai. Ta ce akwai ƙwayar ciwon hanta a jinina, irin wadda ake ɗauka ta jini.

Na ce ba nawa ba ne, an musanya. Ta ce an maimaita. Na ce ni fa ban taɓa ciwo ba, ban taɓa karɓar jini ba, ban san namiji ba sai mijina. Ta ce ta yarda. Ta ce mutane da yawa tun suna yara suke ɗauka, wurin aski ko tsaga ko cirar beli ko hujin kunne da ƙarfe ɗaya, su girma su tsufa ba su sani ba. Ta ce jinin Inna da aka gwada ranar da aka kwantar da ita babu cutar. Ba ta ƙara ba, ni na ƙarasa a raina: da mun cika shirinmu, ni da hannuna zan taya Inna ɗora ta a kan buɗaɗɗen gyambo.

Likita tana ta bayani, cewa za a duba lafiyar hantata, a gwada maigidana da yara, cewa jaririn da ke ciki ana iya kare shi in aka yi masa allura a ranar da aka haife shi, don haka dole a asibiti zan haihu. Ina ji kamar daga nesa. Abin da ke yawo a kaina shi ne idanun ɗan ƙanen babanmu. Na fita na zauna a kan dakali gindin wata dalbejiya, na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar babanmu. A nan maigidana ya same ni. Na gaya masa, ina jiran ya ce ai na faɗa. Ya zauna kusa da ni, ya ce, "To, Allah ya sa ƙafar Inna ce ta tona mana, ba kabari ba. Tashi ki wanke fuskarki."

Gaya wa Inna ya fi komai wuya. Tana kwance an riga an cire yatsan, ƙafar a ɗage bisa matashi. Na durƙusa gefen gadon na faɗa mata a hankali. Ta daɗe tana kallona, tun daga goshi har ciki, irin kallon da take yi wa mace in ta zo mata da naƙuda.

"Ke? Ina yat taɓa ki?"

"Ba ya nunawa, Inna."

"Ni da nir rene ki ban gani ba?"

"Babu mai gani da ido. Sai gwaji."

Ta juya fuska bango. Can ta ce, "Ɗiyan hwa? Ɗiyan da nik karɓa da hannuna?" Na ce za a gwada su. Ta ce, "Wanga na ciki?" Na ce likita ta ce akwai allura. Sannan ta ce a kira mata likita.

Da likita ta zo, Inna ta ce, "Waccan baiwar Allah, kin ce an auna ta?"

"Sau biyu, Mama."

"Kuma da bakinta tac ce a ɗauka? Ba sata anka yi ba tana cikin magagi?"

"Da bakinta, tun kafin a shiga da ita. Wadda ta ce a'a, ba a taɓa nata."

"Ta san ba za a binne ba?"

"Ta sani."

Inna ta girgiza kai. "Yarinya ta, ba ta san abin da tab bayar ba. To, ku sa."

Sai da ruɓar ta lafa, gyambon ya yi ja, sannan aka sa. Na roƙa aka bar ni na tsaya daga bakin ƙofa. Na ɗauka zan ga nama da jini, ashe wani abu ne siriri kamar ɓawon albasa, ana ganin hannun likita ta cikinsa. Ta shimfiɗa shi a kan ramin, ya kwanta luf, aka rufe. Inna ta ɗaga kai tana leƙe, ta ce a tabbata ba a kife shi ba. Likita ta ce ai kuwa yana da gaba da baya, kuma ta kula. Ranar ce na fara ganin haƙoranta.

In ce hankalina ya kwanta bayan nan, ƙarya nake. Tsoron ne ya rabu biyu. Kullum da safe sai na ja Inna bakin taga na buɗe mata ido ina neman ɗorawa, har ta fara ture ni tana cewa in je in duba nawa, ai ni ce mai ciwon. In ta yi atishawa, in taɓa goshinta. In ta ce bakinta ba daɗi, in ruga wurin nas. An gwada maigidana da yaran, Allah ya taimaka babu wanda ya ɗauka, aka yi musu rigakafi, amma ni na koma ina ɓoye rezata da abin yankan farce kamar mai ɓoye guba. Aka sake shimfiɗa wani tantanin, aka kuma. Aka hana Inna taka ƙafar sam, aka hana ta furarta mai sukari, wannan kuwa har yau ba ta yafe ba.

Ranar da aka buɗe na ga gefen ramin ya fara haɗuwa, wani jan nama sabo ya taso daga ƙasa, ban yi magana ba don kada bakina ya kama shi. Inna ce ta tambaya ina tantanin farko ya tafi, don tana so a ba ta in an cire. Likita ta ce ba a cirewa, narkewa yake yi, jiki ya shanye. Inna ta ce, "Ya shige cikin ƙahwata ke nan?" Aka ce mata haka ne. Daga ranar na lura in ta idar da salla takan dafa ƙafar tana motsa baki.

Muka dawo Bagudo kaka ta yi, ana yankan shinkafa. Madam ta ci gaba da wanki yadda aka koya mata, muna komawa Sakkwato lokaci-lokaci. An sake gwada jinin Inna, babu komai. Likita ta ce za a ƙara wani gwajin can gaba, don haka ban saki jiki duka ba, na dai samu na fara cin abinci da ɗanɗano. Ramin ya tsuke, ya tsuke, har fata ta rufe shi, siririya mai sheƙi. Aka ba ta wani ƙaton takalmi mai laushi, yara suka sa masa suna kwalekwale, ita kuma ta ce duk wanda ya sake faɗa za ta tuna masa yadda ya zo duniya yana tsala ihu.

A asibiti na haihu, a Birnin Kebbi, inda aka tanadi allurar. Shi ne jikanta na farko da bai faɗo a hannunta ba. Ta zauna a waje kan benci tare da matan da ba ta sani ba, hannuwanta a cinya, ba aikin yi. Da aka fito da yaron aka ce an yi masa allurar, ba ta karɓe shi ba sai da ta tambayi mabiyiya. Nas ta ce za a ba mu, amma a ƙulle cikin leda biyu, kada a buɗe, kada a wanke, kuma a binne da zurfi. Na ga yadda maganar ta soki Inna. Shekara nawa tana wanke ta baƙi, ta ɗiyarta ce aka ce kada ta taɓa. Ta dai roƙi nas ta nuna mata ta bayan leda inda gefen cibiya yake, ta ɗaura zare a wurin.

Da muka iso gida la'asar ta yi sanyi. Maigidana ya haƙa ramin a bayan ɗakina, ya zurfafa har ƙugunsa. Ya ce a kawo wa Inna kujera a ɗauke ta, ta ce wanda ya taɓa ta sai ta saɓa masa. Ta sa safar hannun da Madam ta kawo, ta ɗauki ledar, ta taka da ƙafarta tun daga ƙofar zaure har bayan ɗakin, tana ɗingishi a cikin kwalekwalenta, ni ina biye da jariri a kafaɗa ina ƙirga kowane taku da bugun zuciyata. Ta durƙusa, ta miƙa wa maigidana ledar, ta sa ya juya ta har zaren ya kalli sama. Ta yi addu'arta, aka mayar da ƙasa.

Ba ta tashi ba. Ta miƙe ƙafar hagun a gabanta, ta cire takalmin, ta shafa tabon da babban yatsanta.

"Taki ta samu wuri," in ji ta. "Ta waccan baiwar Allah kuwa ga ta nan, ba ta da rami sai ni."

Na ce, "Inna, ki bar wannan magana."

"Saurara, ke dai. Ran da kunka kai ni, ki hwaɗa ma masu sa ni kabari su lura da ƙahwag ga, su aje ta daidai, kada su bari ta kihe." Ta mayar da takalmin, ta miƙo hannu in tashe ta. "Ina son yarinyar ta sake haihuwa."